Lambar Tagulla a Cikin Littafi

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya shago, ya zaman kaɗaici tun da na taho gidanmu jinyar Baba? Umma tana gaishe ka. Jikin Baba da sauƙi, amma tarin yana nan. Jiya hankici uku na wanke masa, kowanne da baƙin kaki, shekara goma sha tara bayan an rufe mahaƙar kwal.

Labarinka ya riga ka isowa. Matar wani direba ta gan ka a layi a ƙofar ofishin kamfanin kwal, ka ba da sunanka cikin waɗanda za su fara sauka rami yanzu da gwamnati za ta sake buɗe shi. Ashe shi ya sa kake ta yi mini lacca: wai ƙasa tana zaune a kan arziki amma babu lantarki, kwal zai kawo wuta, masana'antu su farfaɗo, matasa su bar zaman kashe wando. Ban ce ƙarya ba ne. Ni ma na gaji da ganin injin waldarka a kashe, kana jiran gawon shanu. Amma masu wannan magana a rediyo, waye cikinsu zai tura ɗansa ƙarƙashin ƙasa? Su sha fanka, kai ka shaƙi ƙura?

Kullum kana tsokanata wai littattafan soyayya sun juya mini kai. To, a littafi in miji ya mutu sai in share hawaye in juya shafi. A kanka ba ni da shafin juyawa. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Taka har kullum,
wadda kake kira Malama Shafi-Shafi

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ranka ya ɗan huce. Saƙonka ya iso. Ka daina zargin mai wanki, bai ga komai a aljihunka ba. Ni na ɗauke lambar.

Ranar Alhamis na je gida ɗaukar kaya ba ka nan, na same ta a rigar aikinka. Ni 'yar mahaƙi ce, na san ta: 'yar tagulla mai huji, wadda ake ratayewa a allo kafin a sauka, a cire in an fito. Na kuma san ba a barin kowa ya sauka ba ita, kuma in Litinin ta yi ba ka kawo ta ba, na bayanka a layi zai maye gurbinka. Ina ƙarama Umma takan riƙe hannuna mu tsaya gaban allon nan muna duba ko ta Baba tana rataye har yanzu. Ba zan gaji wannan tsayuwar ba.

Kada ka ce na ɓoye maka gaskiya: Baba yana goyon bayanka. Ya ce kwal ne ya gina gidan nan, ya biya mini makaranta har na iya karatun da nake yi masa rashin kunya da shi, kuma an ce kayan aikin yanzu ba irin na da ba ne. Sau uku ya tsaya neman numfashi kafin ya kai ƙarshen maganar.

Ban jefar da lambarka ba, ni ba muguwa ba ce. Tana cikin ɗaya daga littattafan nan da ka rantse ba za ka taɓa buɗewa ba. Kada ka wahalar da kanka da kwalin littattafaina na ƙarƙashin gado, na taho da littafin da take ciki, yana ƙarƙashin matashin Baba.

In kana so, ka zo kafin Litinin. Ka wuni a ɗakinsa, ka tallafe shi in tarin ya taso, ka wanke hankicin da hannunka. In ka shanya shi har yanzu kana son ramin, ni da kaina zan buɗe maka shafin.

Na ajiye maka sabulu.

Matarka mai taurin kai,
Malama Shafi-Shafi