Inna, Na Rage Musu Abinci

Assalamu alaikum Inna, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Rabi ce, daga Dutse. Labarin aikina zan ba ki, tunda har yau dangi tsokanata suke yi, wai ina kiwon abin da ido ba ya gani.

Da gaskiyarsu. A ɗakin bincike ina rainon wasu ƙwayoyin jiki 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Suna iya zama ƙashi, ko kitse, ko tsoka. Abincin da aka ba su da taurin farantin da suke kwance a kai su ne ke nuna musu hanya. Ni tsoka nake so su zama, irin ta mahaifa, wadda ke tsukewa bayan haihuwa ta tsayar da jini. Taki ba ta tsuke ba ranar da kika haifi Auta a Kiyawa. Dalilin da ya kawo ni wannan aikin ke nan.

Ƙwayoyin nan sun daɗe suna ba ni kunya. Yawa kawai suke yi har su cika faranti, amma in na ɗiga musu maganin da ke sa tsoka tsukewa, ko gezau.

Ashe halinki ne ya biyo ni. Kin tuna in baƙo ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, sai ki ce da ni, "Ƙara masa, kunya ce." Haka ni ma na yi ta tula musu ruwan jini, wanda ke sa su hayayyafa, a cikin abincinsu. Malamar da ke duba aikina ta ce in rage, don in abinci ya yi musu yawa hayayyafa za su yi ta yi, ba za su ƙosa su zama tsoka ba. Na rage, amma wallahi ji na yi kamar na yi wa baƙo rowa.

Ranar Laraba na leƙa su a madubin bincike. Sun miƙe, sun yi tsawo, sun jeru. Na ɗiga maganin, sai ga su suna tsukewa a hankali.

Wannan bai isa ya ceci kowa ba tukuna, Inna, a faranti ne kawai. Amma sai da na nemi kujera na zauna na yi kuka. Ina kewarki, kuma na gani da idona ƙanƙantar abin da ya raba ni da ke.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sauki duk mai ciki lafiya.

'Yarki,
Rabi