Kabar da Ka Ajiye a Rufin Coci

Zuwa ga mahaifina, Baba Katikist,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana cikin hutun Ubangiji. Bayan gaisuwa, ɗiyarka Sisiliya ce. Wata bakwai ke nan da muka binne ka bayan coci, gindin goribar nan, sai yau na iya riƙe biro. Ina da labari, kuma da laifina zan fara, don na san ba ka son kewaye-kewaye.

Ka san zamanmu a nan bayan Kaoje. Coci ɗaki guda, laka da kwano, Fada limaminmu kuma sai sau ɗaya a wata, in ruwa ya bari. Sauran Lahadin kai ka riƙe mu shekara da shekaru. Bayan jana'izarka Fada ya zaunar da mu ya faɗi gaskiya: zai duba mu zuwa azumin coci. In mun kasa riƙe sujada, zai karɓi mabuɗi, mu riƙa ƙetare kogi zuwa babbar coci. Baba, ka hango Mama Monika, shugabar zumuntar mata, da gwiwar nan tata cikin kwale-kwale kowace Lahadi? Ai da tsofaffinmu sun yi ban kwana da sujada ke nan.

Sai na ɗauki littafin addu'arka. Ba don na iya ba, babu wanda ya miƙa hannu ne. Abokinka Baba Luka ya yi ta gunaguni, wai mace a gaban bagade. Ya koma bencin ƙarshe yana kallon taga. Na ƙyale shi, don ka san bakina, da na buɗe shi da an ji mu har kasuwa.

Makon bai canza ba. Laraba gayyar gonar coci. Alhamis zumuntar mata, rabi addu'a, rabi shari'ar wa ta ari tukunyar wa. Asabar shara da gwajin waƙa, har yanzu tulun nan mai tsagi ake bugawa. Lahadi ni ke dukan ƙarfen ƙafar motar da ka rataya a darbejiya, mutanenmu na ƙasar Benin su iso a kan babur, in karanta da Hausa, Mama Monika ta juya musu da Dendanci. Ranar farko da gudu na yi karatun, kamar ana bi na. Sai na ji muryarka a kunnena: "Sannu, Sisi. Allah ba shi sauri, ba kasuwa za shi ba."

To, ga laifin.

Ranar yankan shinkafar coci igiya ta ƙare mana, dami na zube a ƙasa, shanu kuma na gab da gonar. Sai na tuna na ga ƙunshin busasshiyar kaba saƙale a rufin coci. Na ruga na sauko da ita, na jiƙa ta a ruwa, muka ɗaure shinkafa tas. Har yabona aka yi, wai ɗiyar Katikist akwai dabara. Na kwana ina jin kaina.

Allah ya sani, ko kaɗan ban tuna ba. Mu da ba mu da dabino, kabar goriba muke kaɗawa ranar Lahadin Dabino. Fada ya sa mata albarka, kowa ya tafi gida da guda, ragowar kai kake tattarawa ka adana shekara cur, sannan ka ƙona ta ta zama tokar Larabar Toka, ranar da muke shiga azumi. Kai kaɗai kake hawa ka sauko da ita. Mu dai toka muke gani a goshi, ba mu taɓa tambayar inda ta fito ba.

Saura kwana goma a shiga azumi saƙon Fada ya zo: da kansa zai zo Larabar Toka, a shirya toka yadda Katikist ya saba. Na hau benci na kai hannu rufi, babu komai sai yanar gizo. Nan take na tuna. Kabar nan tun da aka casa shinkafa ta bi bambaro cikin wuta.

Mama Monika na fara gaya wa. Ta dafe kai, ta leƙa waje, sannan ta ce toka ai toka ce, in ɗebo ta murhu in tankaɗe, wa zai sani? Don ta rufa mini asiri ta faɗa, kada ka riƙe ta. Kuma Baba, na ɗebo. Har na tankaɗe. Kwana biyu kwanon na ƙarƙashin gadona ina wucewa ina kauce masa. Na uku na fita na watsa wa kabewa.

Ranar Lahadi, bayan karatu, na rufe littafi na faɗa wa jama'a komai, har da tokar murhun. Na ce ni na yi, kuma in Fada ya karɓi mabuɗi, ni na jawo. Sai Baba Luka ya miƙe, ya ja sandarsa ya fita. Na ce a raina shi ke nan, ya samu abin da yake nema.

Muna waƙar rufewa sai ga shi ya dawo yana haki. Bai tsaya bencin ƙarshe ba. Ya taka har gaba ya ɗora wata busasshiyar kaba a kan bagade, tasa ta bara, wadda ke bayan gicciyen ɗakinsa. Ko kallona bai yi ba. Jama'a ya harara, ya ce kowa yana da guda a gida, me ake jira.

Baba, da ka ga kwanakin da suka biyo! Mata suka yi ta zuwa da kaba, wata da baƙin hayaƙi, wata ɓera ya ci gefenta. Na Benin suka aiko da tasu ɗaure a bayan babur. Mutanen da tun ranar binne ka ba su leƙo coci ba sun zo kawowa, suka zauna aka yi addu'a da su. Malam Garba, maƙwabcinmu mai kwale-kwale, da ya idar da sallar azahar ya bi gaɓar kogi yana sanar da namu na tunga-tunga. Da la'asar ya dawo da ƙunshi a kansa, nannaɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce shi bai san me muke yi da ita ba, amma kayan Katikist ba ya jiƙa a jirginsa.

Saura guda. Ka san ta: ɗan gicciyen da ka saƙa da taka kabar, ka sa a tsakiyar littafinka. Wata bakwai kullum sai na taɓa shi kafin in fara karatu. Talata da yamma muka hura wuta a kaskonka a ƙofar coci, kowa na tsaye. Na riƙe shi a hannu har wutar ta fara lafawa. Mama Monika ta ce in ajiye abina, babu mai ganin laifina. Amma kowane gida ya kawo nasa, ban ga yadda gidan Katikist zai ƙi ba. Na sa shi. Na yi kuka, kuma ban ɓoye fuskata ba.

Laraba Fada ya iso, kafin ya sa rigar sujada na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya zauna a kan benci, daga baya ya juya yana kallon kaskon. Ranar nan coci ba ta ɗauke mu ba, layi ya kai gindin darbejiya. Da ya zo kaina ya zana gicciye a goshina, na san a cikin tokar nan akwai taka.

Da zai tafi na bi shi har bakin ruwa da mabuɗi a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce me zai yi da shi, ai ƙofar ba a gidansa take ba. Ya shiga jirgin Malam Garba.

Baba, ina alfahari da mutanenka, kuma zan faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ni na zaci kai ne ka riƙe cocin nan kai kaɗai. Ashe shekarun nan duk rarraba ta kake yi gida-gida. Kabar bana kuwa, Baba Luka ya ce shi zai ɗaure ta da jan ƙyalle, kuma an hana ni hawa benci.

Ubangiji ya ba ka hutu na har abada, ya haskaka maka da haskensa. Ya riƙe mana gwiwar Mama Monika, ya saka wa Malam Garba da alheri, ya rage mini gaggawa. Ka yi mana addu'a a inda kake. Jibi Lahadi, mabuɗi na ƙulle a bakin zanina, ni zan buɗe.

Ɗiyarka da ke kewarka,
Sisiliya