Hantar Da Na Cinye Miki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina kwance cikin rahamar Allah. Ni ce Hajara, 'yarki ta fari. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Na san mutane za su karanta. Su karanta, na gaji da ɓoyo.

Kin tuna shekarar da aka ɗebi Baba aikin dole na hanyar Nasara? Ita ce shekarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya ce kowa ya noma gyaɗa, har gonar wakenmu ta bayan gari. Muka noma, muka roro, aka loda wa jakuna sai sikelin Magaria. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa tukunyarmu ba. Akuya biyun da muke tatsa kuma gardin kumandan, wato dogarinsa, ya kora. Aka bar mu da tuwon dawa da miya tsululu, ba mai, ba daddawa. Ke kuwa ga ciki ya tsufa.

Sai kin zuba wa Gwaggo, ƙanwar Baba, kin zuba wa ƙannena, sannan ki kankare ƙanzo mu ci ni da ke a ƙwarya ɗaya. Matan gari suna cewa babu mai kawaici irinki. Haushin wannan yabon nake ji har yau, Inna. Da shi suka raka ki kabari.

Sai dundumi ya kama ki. Da rana garau kike, amma da an kira magariba sai lalube, kina bin danga da hannu. Na gane haka tun kafin kowa ya gane, kuma ban gaya wa kowa ba. Na riƙa jawo ƙwaryar gabana a hankali, in yi loma uku kafin ki yi ɗaya. Hannunki yana yawo a kan tabarma yana neman tuwo, ni ina kallo, ina taunawa. Shekarata goma. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Ranar da kika taka garwashi ne Gwaggo ta gane. Ta ce maganin dundumi hanta ce gasasshiya, kowa ya san wannan. Kika kama kazarki ɗaya tilo, kika ce in kai wa mahaucin garin Bande ranar kasuwa, ya musanya mana. Ya gasa hanta mai kyau, ya ɗora ɗan huhu gyara, ya ƙunshe mini a ganye.

Ban kai rabin hanya ba na zauna gindin gawo. Na ce ɗanɗanawa kawai zan yi. Da na tashi, huhun nan kaɗai ya rage a ganyen. Na yi ta jan ƙafa har rana ta faɗi, don na san lokacin da idonki yake rufewa.

Na miƙa miki a ɗaki. Wace macen da ta taɓa girki ce ba ta san huhu daga hanta ba? Kika tauna, kika haɗiye. Sai kika laluba fuskata, kika goge mini maiƙon baki da gefen zanenki kafin Gwaggo ta shigo. Abin da kika ce mata ke nan: “Na cinye tas, Allah ya saka.”

Kwana bakwai ido bai buɗe ba. Gwaggo ta ce tunda hanta ta kasa, to mugun jini ne, a kira wanzami. Ina tsaye ya kafa miki ƙaho huɗu a baya. Jinin da ya fito fari-fari ne kamar ruwan wankin nama, shi kansa wanzamin sai da ya ɗago ya dube ki. Kalma ɗaya daga bakina ta isa a sallame shi. Kalma ɗaya daga bakinki ma ta isa. Na yi shiru don tsoron bulala, ke kika yi shiru don ni.

Da haihuwa ta zo, ba ki da ƙarfin nishi. Kika tafi ke da abin da ke cikinki, Baba bai ma dawo ba.

Jikar nan tawa mai rubutu tana aiki ɗakin haihuwa a likitar Magaria. Ita ta gaya mini cewa ido ci yake yi, jini ma ci yake yi. Hanta, ƙwai, nono, zogale, wake, gyaɗar nan da muka loda wa jakuna, da su jiki yake gina jini da gani, ya kuma gina ɗan da ke ciki. Ta ce ƙunshi ɗaya ba lallai ya cece ki ba, amma da ya buɗe idon, da ba a kira wanzami ba. Na tambaye ta ne don ta yi mini ƙarya, ta ƙi.

Kin cuce ni, Inna. Da kin fasa mini baki ranar nan, da magana ta ƙare tun ina yarinya. Sai kika goge mini shi, kika bar ni da abin har na yi furfura.

A gidana yanzu mai ciki ke fara ci, kafin maza, kafin baƙi. Ranar yanka hantar tata ce, kuma a gabana za ta cinye, ina zaune ina kallon bakinta. Wadda ta ce ta bar wa yara, sai ta ji ba daɗi daga gare ni. Suna ce mini masifaffiyar tsohuwa, kuma ban damu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idona. Sa'o'ina duk sun makance ko sun mutu, ni kuwa har yau ina zura zare a allura bayan magariba. Duk sanda ya shiga, sai in ji kamar hannunki a bakina.

Allah ya haskaka kabarinki, Innata. Ya ciyar da ke a Aljanna, ki ci ki ƙoshi, ba mai jawo ƙwarya daga gabanki. In ya haɗa mu, kada ki sake rufa mini asiri.

Taki,
Hajara