Mutumin Da Aka Ce Ya Gudu Daga Gonarmu

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Hannatu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Mu nan Zuru muna lafiya. Dawa ta nuna, an fara yanka a gonakin gindin dutse. Ƙafar ƙanenki Kawu Bitrus ta yi sauƙi, bakinsa kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Bayan haka, Mama, da fushi na zauna rubuta miki wannan. Kin fi kowa sanin fushina, don a nononki na sha shi. Kuma da gangan na sa takardar a inda mutane za su karanta, domin abin da aka ɓata a bainar jama'a ba a gyara shi a ƙuryar ɗaki.

Jikarki Rahila ta kawo miji. Sunansa Ayuba, ma'aikacin jinya ne a Ribah, yaro mai ladabi da ke sauka daga babur tun daga nesa ya turo shi da hannu, don kada ƙarar ta dami manya. Kin san tun da mahaifin Rahila ya rasu a bakin aikin soja, Kawu Bitrus ne ke tsaya mata a matsayin uba. Ya karɓi yaron da fara'a, ya tambaye shi gidansu. Da ya ji jikan Baba Ishaya ne na Kanya, sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce jininmu ba ya shiga gidan raggaye. Rahila ta ce ba za ta yi aure ba da yardarsa ba, kuma ba za ta auri wani ba. Haka take zaune, tana ramewa a gabana kamar kuɓewa a rana.

Gidan raggaye. Da wannan sunan muka tashi muka san su.

Ke kika koya mini mene ne golmo: saurayi ya kwaso abokansa su yi wa iyayen yarinya noma, damina bayan damina, sai ya cika shekarun da aka yanka masa kafin a ba shi ita. Kuma a gidanmu kowa ya haddace labarin Ishaya, wanda ya fara golmo a kanki, rana ta yi zafi ya yar da garma a tsakiyar gona ya gudu, shi ya sa aka ba da ke ga Babanmu soja. Mata sun sa shi a waƙar daka. In yaro ya ƙi tashi da safe, sai a ce masa ko kai ma ɗan gidan Ishaya ne. An ce samarin gidansu sai sun je har Dirin Daji ko gaba suke samun mata, don nan kusa babu uban da zai ba su gonarsa.

Ban taɓa jin labarin nan daga bakinki ba. In ana yinsa, tashi kike yi ki duba tukunya. Sai yanzu na lura da hakan.

Kin tuna daminarki ta ƙarshe, da idonki ya yi rauni har ba ki iya zare tsakuwa daga shinkafa? Kullum da la'asar in na dawo daga makaranta sai in shimfiɗa miki tabarma a rumfa. Da fari Zabura nake karanta miki. Ran nan kika ji ina dariya ni kaɗai, kika ce me ke cikin takardar nan da ya fi ki ban dariya. Na ce littafin soyayya ne. Kika ce, "Mace da furfura a gaban goshi tana karanta ƙaryar 'yan mata. To karanto mu ji ƙaryar."

Labarin wata mai sayar da atamfa ne da wani likitan dabbobi, waɗanda ba su iya gaisawa ba tare da sun yi wa juna baƙar magana ba. Gidajensu ba sa ga maciji, saboda wata tunkiya da aka ce kakan saurayin ya sace tun zamanin da. Akwai wata tsohuwa a ciki, kakar yarinyar, mai bakin reza, da ta san komai amma take yi kamar kunnenta ya toshe. Ita kika so. Kika daina tambayar masoyan, sai dai ki ce, "Ina tsohuwar nan? Tsallake mini shirmen yaran nan ki kai ni wurinta."

Da muka zo inda tsohuwar ta fasa ƙwai, a tsakiyar taron suna, tana neman a ƙaro mata gishiri a miya ta ce ai tunkiyar nan mijinta ne ya yanka ya ci da abokansa, ita ma ta ci hanta, kika yi dariya har tari ya sarƙe ki na ruga ɗebo ruwa. Kika sha, kika huce. Can kika ce, "Ita ta yi sa'a. Ta faɗa tana da sauran haƙora."

Washegari kika ce in maimaita wurin. Jibi ma haka. Har shafin ya yi laushi saboda juyawa. Ni kuwa, da duk karatun da nake taƙama da shi, na ɗauka barkwancin kike so.

Makon da ya wuce na je wurin ƙanwarki Inna Kande, na same ta tana shiƙar dawa a bayan gida. Na zauna ina yi mata kukan Rahila. Ba ta ko ajiye ƙwaryar ba. Ta ce, "Ishaya bai gudu ba, 'yar nan. Yayata ce ta gudu." Ta ce ya cika golmonsa har daminar ƙarshe, babu saurayin da ya kai shi noma a ƙasar nan, rumbun Kaka, mahaifinki, bai taɓa cika irin na shekarunsa ba. Ana shirin kai ki, sai ga wani soja ya zo hutu, mai dariya da wushirya, wanda ya iya sa ki dariya har ki manta tulu a bakin rafi. Ranar da hutunsa ya ƙare kika ɗaura ƙullin kayanki kika hau motar da ya hau. Kaka ya rasa fuskar da zai kalli mutane da ita, sai ya ce yaron ne ya yar da garma. Kawu Bitrus yana ƙarami a lokacin, abin da aka gaya masa ya riƙe. Shi kuwa Ishaya bai taɓa buɗe baki ya ƙaryata ba. Inna Kande ta ce, "Da ya yi magana, ai ita za a sa a waƙar."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tamu ta yi 'ya'ya, Mama, har ta yi jikoki, ga ɗaya nan yana turo babur a ƙofar gidana ana kiransa rago.

Ba gudun da kika yi ke ba ni haushi ba. Na ga zamanki da Baba. Na ga yadda yake dawowa daga bariki ya tsaya a bakin madafa yana tsokanarki, ke kina jifansa da baƙar magana a yarenmu, shi yana ramawa da Hausar bariki, har tuwo ya kama. Da a littafi na karanta yarinyar da ta hau motar nan, da tafi zan yi mata. Shirunki ne ya tsaya mini a wuya. Ke da ba ki taɓa barin magana ta kwana a cikinki ba, ke da kika taɓa tsayar da mai wa'azi a ƙofar coci kika gyara masa zance, kika zauna shekara da shekaru ana daka sunan mutum a turmi a tsakar gidanki. In na matsa miki da tambaya a kan wani abu, sai ki ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Gaskiya ne. Amma abin da kika ajiye a naki cikin ba naki ba ne, sunan wani ne.

Tun ranar nake ta juya littafin nan a raina. Abokan aikina maza sukan yi mini dariya in sun gan shi a jakata, wai malamar adabi da karatun 'yan mata. Na karanta manyan littattafan da suke ji da su, waɗanda in asiri ya tonu a ciki sai an yi gawa. Ban raina su ba. Amma wace tsohuwa ce za ta saurari irin wannan ta yi sha'awar buɗe baki? Shi wannan ƙaramin littafin abin da yake yi daban ne. Yana nuna gida irin namu, da manya masu taurin kai irin namu, a fito da abin da aka binne, a ji kunya, a yi dariya, sannan a ci gaba da cin abinci. Ba wanda ya mutu. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Dariyar ita ce kunun da ake dama magani mai ɗaci a ciki. Soyayyar kuma ita ce dalilin da ya sa dole a sha, don in ba yara biyu sun tsaya sun ce sai juna ba, wa zai tono tsohuwar tunkiya?

Ina jin shi ya sa mata irinmu ke ɓoye su a ƙarƙashin filo. Ba saurayi muke nema a ciki ba, mun wuce nan. Muna leƙen yadda ake faɗin gaskiya a gida a kuma kwana lafiya ne.

Ke ma abin da kike leƙe ke nan. Kina sa ni maimaita shafin kina gwada maganar a bakinki, kina jiran in ɗago kai in ce, Mama, mu fa, wace tunkiya ce a gidanmu? Ban ɗago ba. Ke kuma ba ki fara ba. Mu biyu masu kaifin baki, muka zauna a tabarma ɗaya muna yi wa tsohuwar wani dariya.

Shekaranjiya na hau babur na tafi Kanya. Baba Ishaya yana raye, Mama. Ya tsufa ƙwarai, bayansa ya tanƙware, amma na same shi a gindin tsamiya yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni 'yar wace ce. Ya daɗe yana kallona. Ya ce goshin naki ne.

Na tafi da magana cike da baki, na shirya ta tun daga hanya, yadda zan ba shi haƙuri a madadin gidanmu. Bai bar ni na kai rabi ba. Ya ɗaga hannu ya ce abu ɗaya yake so ya sani, wanda bai taɓa samun wanda zai tambaya ba. Ya ce, "Ta ji daɗin zamanta da shi?"

Na ce ta ji, Baba. Na ce har ya rasu yana ba ta dariya.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ya ce, "To, noman bai tafi a banza ba."

Ban san lokacin da fushin ya sauka daga wuyana ya koma idona ba. Tun daga Kanya har gida ina kuka a bayan mai babur, yana ta tambayata ko rasuwa aka yi.

Jiya na kai Inna Kande gidan Kawu Bitrus, ta maimaita masa a gabana, a gaban Rahila. Ya yi faɗa, ya ce an zagi ubansa a kabari, ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Ban bi shi ba. Yau da safe ya aiko a tambayi Ayuba ranar da manyansa za su iya zuwa, ya kuma ce in tsohon ba zai iya hawa babur ba, shi zai je ya same shi. Bai ce ya yi kuskure ba, kin san ɗan'uwanki. Rahila ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Mama, na san abin da na yi miki. Daga yau matan da suka girmama ki za su san ke ce kika hau motar. Wasu za su taɓe baki. Na auna wannan da ramar Rahila, na auna shi da bayan tsohon nan da ya tanƙware a gonar ubanki, na zaɓa. In kin ji zafi, ki yafe mini. Ni ma na yafe miki. Yarinya ce ke a lokacin, ƙasa da Rahila, kina son wanda kike so, manya suka yi ƙaryar suka bar miki dakonta. Na so a ce kin sauke kayan nan tun ina iya riƙe miki hannu.

Ubangiji ya gafarta wa Kaka, ya gafarta miki, ya gafarta mana mu da muka yi waƙar ba mu san me muke dakawa ba. Ya ƙara wa Baba Ishaya kwana, ya zauna a kujerar gaba ranar auren jikansa, a kira sunan gidansa da girma a gaban duk ƙasar nan. Ya ba yaran nan zaman da za su riƙa faɗa wa juna gaskiya tun tana ƙarama. Ke kuma ya shimfiɗa miki hutu mai sanyi kusa da sojanki. Amin.

Ki huta, Mamana. An faɗa.

Taki har kullum,
'yarki Saratu