Gurbin Lukumanu

Malam, ina roƙonka don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke cikina ba ni da wanda zan faɗa wa a Karaye.

Bayan kaka aka kai mu Kano, mu 'yan ajin ƙarshe na ƙasar Karaye, muka zauna jarrabawar shiga kwaleji. A takardar karatun Turanci an ba mu labarin wani matafiyi da ya sauka a wani gida, aka kawo masa abinci ya ƙi ci. Babbar tambayar ita ce, me ya hana shi ci?

A bayan lori muna komowa muka shiga gwada amsoshi. Ni ne babban aji, kuma mahaifina malamin hakimi ne, saboda haka in na yi magana ba a cika musa mini ba. Na ce girman kai ne ya hana matafiyin ci, duk aka ce haka aka rubuta. Sai Lukumanu, wani abokina ɗan Ruwan Bago ta wajen Rogo, ya ce shi ya rubuta cewa mutumin ya lura yaran gidan ba su ci ba. Na yi masa dariya, na ce ya kai yunwar ƙauyensu cikin takardar Turawa. Muka bi sauran tambayoyin, ko'ina amsarsa daban da tamu, na ce masa ya faɗi jarrabawar ƙasa warwas.

Bai jira sakamako ba. Ya ce wa mahaifiyarsa Adama ba zai zauna ana nuna shi ba, ya ɗauki tabarmarsa ya bar gari.

To, Malam, sakamako ya fito. Lukumanu kaɗai ya ci a cikinmu, ni ke bi masa. Hedimasta ya ce in bai bayyana ba kafin a buɗe kwaleji, gurbinsa nawa ne. Mahaifina har ya sa an ƙera mini akwatin ƙarfe an rubuta sunana a kai. Ina kuma bakin shekarun da suke karɓa, in na rasa bana shi ke nan.

Ga abin da ke cin raina. Wani falken goro, Hammawa, ya gaya mini ya ga Lukumanu a Bukuru yana ɗaukar ƙasa a ramin haƙar ma'adinin kuza, ya rame, yana tari. Ni kaɗai ya faɗa wa, don ya san abokina ne. Duk ranar kasuwa Adama takan tako tun daga Ruwan Bago ta zo ƙofar gidanmu ta tambaye ni ko na ji labarinsa, in ce mata a'a. Ina son kwalejin nan, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Amma tuwo ya daina wuce mini. Yaya zan yi?

Wani Ɗalibi, Unguwar Hajji

Ɗana, na karanta takardarka, na kuma tausaya maka. Abin da ka faɗa a lori kuskure ne da ɗagawa irin ta samari, amma ba ƙarya ka yi ba, haka ka ɗauka. Shi ma Lukumanu ya yi gaggawa, da ya bar hirar bayan lori ta yanke masa hukuncin da ba nata ba. Son da kake wa karatu kuwa ba laifi ba ne.

Amma a'a ɗin da kake ce wa Adama wani abu ne daban. Wannan da saninka kake yi, kuma mai tari a ramin kuza ba ya da lokacin jiran ka gama shawara.

Ka fara da mahaifinka, ka gaya masa komai. Zai ji zafi, ka haƙura da faɗansa. Daga nan ka je wurin hedimasta ya buga wa kwaleji waya cewa an san inda yaron yake. Ka kai wa Adama labarin da ƙafarka, kada ka jira ranar kasuwa. Sannan ka nemi wani daga cikin danginsa ku hau jirgin ƙasa zuwa Bukuru, domin kai ka ce masa ya faɗi, kuma daga bakinka zai fi yarda cewa ya ci.

Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa ka rasa kwaleji har abada. Ka roƙi hedimasta ya duba maka makarantar horon malamai ko aikin En'e, wato hukumar gargajiya, amma ban yi maka alkawarin komai ba.

Tambayar nan ta matafiyi ce aka sake kawo maka. An ajiye akushi a gabanka, kuma ka san wanda bai ci ba. Ta kayar da kai a Kano, kada ka sake faɗuwa a Karaye. Allah ya ba Lukumanu lafiya, ya sa ku same shi da rai, kai kuma ya buɗa maka wata ƙofa.