Na mayar da gonar Ciyaman sunana don in nuna masa amfanin token

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana, duk da na san rabin Haɗeja sun riga sun ji labarin. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ku masu haɗa shafukan intanet.

Shekarata arba'in da bakwai, firamare kawai na gama. Da gyaran rediyo na fara, na koma gyaran waya, daga baya na koyi haɗa shafi da kallon bidiyo da tambayar irinku. Ni na yi wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa shafin da ake rubuta gonar kowa, sunansa da girmanta da maƙwabtansa gabas da yamma. Wanda bai san fadamarmu ba zai ɗauka wasa ne, amma in ruwa ya cika ya janye, iyakoki duk sun shafe, shafin nan ake buɗewa a raba gardama.

Sabis a wajenmu sai a hankali, to sai na gyara fom ɗin ya riƙa tura bayani ta ƙarƙashi ba sai shafin ya sake buɗewa ba, abin da kuke kira Ajax. Ranar farko duk abin da aka tura sai ya dawo da 403, wato shafin ya ƙi karɓa. Laifina ne, ban ɓoye ba, na manta ban haɗa da token na CSRF ba. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar shaida ce da shafin ke ba ka in ka buɗe shi, in za ka tura abu sai ka nuna ta, ya tabbatar daga fom ɗinsa saƙon ya fito, ba wani ne ya ari hannunka daga waje ba. Na gyara, kowane saƙo ya riƙa tafiya da shaidarsa a kai, aiki ya tafi.

Sai wata ta ɓullo. Masu awonmu suna buɗe fom tun a gari da safe inda akwai sabis, su hau babur zuwa wajen Auyo, su shiga kwalekwale, su wuni suna awo suna cikewa, sai la'asar in sun dawo su danna tura. Kafin nan shaidar ta mutu, shafi ya ƙi karɓa, aikin wuni ya tafi a banza. Na san da ciwo. Na nemi kwana uku in sa shafin ya riƙa ajiye abin da suka rubuta, ya karɓo sabuwar shaida kafin ya tura. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya ce shi ruwa ba ya jiran kowa, wani injiniya a Kano ya gaya masa layi ɗaya ake gogewa a huta, wai mu da ba banki ba wa zai sace mu. Na ce ranka ya daɗe ƙofa ce za a cire. Ya ce ai matsalar wanda bai yi boko ba ke nan, in ya koyi abu ɗaya sai ya riƙe shi kamar aya. A gaban mutane ya faɗa. Na cire token ɗin, raina yana tafasa.

Ga inda nake so ku yi mini hukunci. Sakatarenmu mutumin kirki ne, amma bai taɓa fita daga shafin a wayarsa ba, kuma ko link ɗin rabon aljanna aka turo masa sai ya danna. Washegari muna zaune a ofis na tura masa wani link da na haɗa don ya canja sunan mai gona da zarar an danna, na ce hoton ambaliyar bara ne, ya danna, na ce wa Ciyaman ya buɗe gonarsa ta bakin kogi a shafin. Ya buɗe ya ga sunana a kai, kuma shafin ya nuna Sakatare ne ya canja da hannunsa. Minti biyu ba a yi ba na mayar masa da abarsa, na mayar da token ɗin ma a gabansu. Na ɗauka zai ce yanzu ya gane. Sai ya miƙe yana salati, wai ashe ɓarawo suka ba wa ajiya. Sakatare kuwa rantsuwa yake ta yi shi hoto kawai ya je gani, ko hoton ma bai gani ba.

Yanzu maganar ta zaga har garin Malam Madori, wai mai gyaran waya ya cinye gonar Ciyaman da kwamfuta. Matata a gidan suna ta ji. Ranar Asabar za a zauna, sharaɗinsu in ba da haƙuri a gaban kowa, in sake cire token ɗin, in ba haka ba in miƙa lambar sirri a ba wa na Kano. Na yarda sa sunana wauta ce, da na sa na jakin wani da dariya aka yi. Haƙurin wannan zan bayar, ko durƙusa suka ce zan durƙusa. Amma hannuna ba zai sake cire shaidar nan ba, don a shafin akwai gonar gwauruwa da ta marayu, waɗanda in aka canja musu suna ba mai mayar musu cikin minti biyu.

To ku gaya mini, in miƙa makullin in wanke hannuna alhali na san a ranar za a cire ƙofar, ko in riƙe shi su ci gaba da kirana ɓarawo? Ku amsa kafin Asabar. Yau da safe ma Sakatare ya turo mini wani link, wai Malam duba mini wannan, na danna sau uku bai buɗe ba.