Binta a Teburin Jirgin Ruwa

Goggo Hauwa,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya mutanen gida?

Mun dawo London daga hutun jirgin ruwan da kika ce kada a je da ƙanwata Binta saboda idon jama'a. Ranar farko Mama ta so a kawo wa Binta abinci ɗaki. Na ce, "Mama, bari in gwada." Na tura Binta a keken guragunta har zauren cin abinci. Wani ma'aikaci ya janye kujera ɗaya, ya tambaye ta me za ta ci. Kwana goma cikin mutane ta ci.

In mun zo Kano, don Allah kada a kai ta ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Kawu. Kin yarda in sake rubutowa?

'Yarki,
Rabi